Barcin Amana: Darasin da Na Koya Daga Kuskuren Fatawata

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya sanya dare da yini suna maye wa juna, Ya kuma hore wa bayinSa barci domin jikkunansu su huta. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.



Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, yau a kan kaina zan yi magana. Na daɗe ina ɗage wannan rubutu, domin akwai abin kunya a cikinsa, kuma zuciyar mai koyarwa ba ta son faɗin kuskurenta a gaban jama'a. To amma kuskuren nan ya kusa cin rayuka, kuma ina tsoron akwai irina da yawa cikin matasan da suka ɗan yi karatu ake kuma tambayarsu hukunci. Saboda haka na ga ɓoye shi ya fi faɗinsa nauyi.

Ina da ƙane, ɗan ƙanin mahaifina ne, gida ɗaya muka tashi, zaure ɗaya muka yi karatun allo. Ya yi shekaru a Amurka, kuma sana'arsa a can ita ce tuƙin tirela, irin mai firji ɗin nan da ake dakon kayan abinci masu saurin lalacewa a cikinta, kamar ganyen latas da nama da madara. Su biyu ne a motar. Idan ɗaya yana kan sitiyari, ɗayan yana kwance a wani ɗan ɗaki da ke bayan kujeru, mai gado da labule, ita kuwa mota tana ta tafiya. Dalilin wannan tsari a fili yake. A lokacin sanyi, mafi yawan ganyen latas da ake ci a Amurka daga yankin Yuma na jihar Arizona yake fitowa, kuma daga can zuwa babbar kasuwar kayan lambu ta Hunts Point da ke birnin Niyu Yok ya haura kilomita 4,000. Direba ɗaya, idan ya bi doka, sai ya kwana huɗu ko biyar a hanya. Direbobi biyu da suke karɓa-karɓa kan isa cikin kwana biyu da rabi zuwa uku. Ganye kuwa tun daga ranar da aka yanke shi yake fara mutuwa, don haka kowace awa kuɗi ce ga mai kaya. Su ma direbobin, gwargwadon nisan da mota ta ci ake biyansu su raba.

A watan Ramadan na shekarar 1445, wato 2024, ana gab da shiga goman ƙarshe, sai ya kira ni a waya, muryarsa cike da damuwa. Ya ce, "Yaya Malam, ina jin kamar watan nan zai wuce ni a banza. Kuna can kuna tarawihi da tahajjudi, ni kuwa ina kan titi ina dakon ganye." Na tambaye shi yadda aikin yake. Ya ce shi yake karɓar mota daga ƙarfe sha biyun dare zuwa kusan sha biyun rana, daga nan abokin aikinsa ya karɓa, shi kuma ya shiga ɗakin baya, kuma doka ta wajabta masa hutun awa goma kafin ya sake taɓa sitiyari.

Wallahi da na ji awa goma sai na ji har ina ƙyashinsa. Na ce masa, "Ƙanena, ai kai Allah Ya yi maka gata ba ka sani ba. Awa goma a ɗaki kai kaɗai, babu mai ƙwanƙwasa maka ƙofa, babu kasuwa, babu hira? Ai wannan i'itikafi ne a kan taya." Na kawo masa abin da ya inganta cewa Manzon Allah (SAW) ya kasance yana yin nafila a kan abin hawansa a halin tafiya, duk inda ya fuskanta da shi. Na ce ya ɗan runtsa bayan ya sauka daga tuƙi, ya tashi ya haɗa Azahar da La'asar idan sun tsaya shan mai, daga nan ya riƙe Alƙur'ani har buɗa-baki, sannan ya yi ta nafila a zaune a kan gadonsa har lokacin karɓar mota ya yi. Game da azumi kuwa, na ce ai yana cikin mota mai na'urar sanyaya wuri, babu wahalar da za ta sa ya sha. Ya yi mini godiya mai yawa, ni kuma na ajiye waya ina jin daɗi, ina ganin na samu ladan shiryar da wani zuwa ga alheri.

Ka duba da kyau, ya ɗan'uwa mai karatu. Hadisin da na kawo ingantacce ne, hukuncin nafila a kan abin hawa ma daidai ne. Inda na fāɗi shi ne ban tambaye shi tambaya ko ɗaya game da awa goman nan ba: me ya sa aka yanka ta, kuma haƙƙin wa ke cikinta.

Bayan kwana huɗu, ina cikin aji da misalin ƙarfe goma na safe a nan Kano, sai wayata ta yi ta ruri. Na fita na ɗauka. A wurinsu lokacin ƙarfe huɗun dare ne. Da ƙyar na gane muryarsa. Ya ce suna kan babbar hanya mai lamba 40, sun wuce garin Amarillo na jihar Teksas, titi miƙaƙƙe fayau, babu kwana babu tudu. Yana tuƙi yana sauraron karatun Alƙur'ani, kuma abu na ƙarshe da ya tuna shi ne mai karatu yana farkon wata sura. Bai san lokacin da idonsa ya rufe ba. Abin da ya farkar da shi shi ne gurnanin taya a kan tsage-tsagen da ake yi a bakin titi domin irin wannan rana. Ya buɗe ido ya ga rabin motar ta bar kwalta, ga kuma wata ƙaramar mota da ta lalace an ajiye ta a gefe, fitilunta suna ƙyaftawa, da mutane a ciki. Ya murɗa sitiyari, tirelar ta yi tangal-tangal kamar za ta kife, abokin aikinsa ya faɗo daga kan gado ya fasa goshi. Allah cikin rahamarSa Ya tsare, suka wuce motar nan da tazarar da ba ta fi kamu biyu ba.

Abokin aikin nasa dattijo ne Ba'amurke, Kirista, mai jikoki, wanda ya shafe shekaru masu yawa a kan titi. Ƙanena ya sha faɗa mini kirkinsa, cewa bai taɓa ƙin tsayawa don ya yi sallah ba, har shi yake tuna masa idan alfijir ya kusa. Da suka samu wuri suka tsaya, dattijon nan yana dafe da goshi bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Ya tambaye shi awa nawa ya yi barci a kwanakin nan. Ƙanena ya faɗi gaskiya, uku ne zuwa huɗu a kowace rana. Sai dattijon ya ce masa, "Yaro, idan na ja labulen nan na kwanta, ba ni da birki, ba ni da sitiyari, ba na ganin hanya. Raina na miƙa maka gaba ɗaya na rufe ido. Ka yi addu'arka, zan tsaya maka sau biyar ko sau goma a rana. Amma barcin da kake yi a gadon nan ba naka ba ne kai kaɗai, nawa ne, da na matata, da na mutanen cikin motar can. Ka ɗauki abin da ba naka ba ka yi kyauta da shi."

Da ƙanena ya maimaita mini wannan magana, sai na jingina da bangon aji na kasa cewa komai. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne ƙissar da Abu Dawud ya ruwaito, ta mutumin da dutse ya fasa wa kai a halin tafiya, ya wayi gari da janaba, ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da sauƙin yin taimama, suka ce ba shi da shi tunda ga ruwa, ya yi wanka ya mutu. Da labari ya iso ga Manzon Allah (SAW) sai ya ɗora musu alhakin mutuwarsa, ya kuma zarge su da rashin yin tambaya a kan abin da ba su sani ba. Na karantar da wannan hadisi ga ɗalibai sau da yawa. Ban taɓa zaton wata rana ni zan tsaya a sahun waɗancan abokan tafiya ba.

Daga ranar na ɗauki alwashin sanin abin da ya kamata in sani tun kafin in buɗe baki. Na zauna na karanta dokokin aikin, na kuma yi wa ƙanena tambayoyin da ban yi masa ba a farko. Ga taƙaitaccen abin da na samu.

A Amurka akwai hukumar tarayya mai lura da manyan motocin haya, wadda ake kira FMCSA a taƙaice, ita ce take yanka wa direbobi awannin aiki. Direban dakon kaya ba zai yi tuƙi fiye da awa 11 ba, kuma sai bayan ya samu hutun awa 10 a jere. Awa 11 ɗin nan dole su faɗo cikin awa 14 daga lokacin da ya fara aiki, ko da wani ɓangare na lokacin a jiran lodi ya tafi. Idan ya tara awa 8 yana tuƙi, sai ya dakata na minti 30. A kamfanin da ke aiki kullum, direba ba zai yi tuƙi ba bayan ya cika awa 70 na aiki cikin kwana 8, sai dai idan ya huta awa 34 a jere, sannan lissafi ya koma farko. Tun daga gyaran da aka yi wa dokar a 2020, an yarda direba ya raba awa goman nan gida biyu, da sharaɗin kashi ɗaya ya zama aƙalla awa 7 a jere a kan gadon mota, ɗayan kuma kada ya gaza awa 2. Ga masu tuƙin karɓa-karɓa, an yarda mutum ya zauna a kujerar gaba har awa 3 mota tana tafiya a lissafa masa cikin hutu, matuƙar ya haɗa su da awa 7 a gado. Kuma tun watan Disamba na 2017 aka wajabta wa mafi yawan motocin ɗaukar wata na'ura da ke haɗe da inji, wadda take rubuta lokacin da mota ta motsa da lokacin da ta tsaya, domin a toshe ƙofar ƙaryar da ake yi a zamanin da direba yake cike littafin awanni da biro.

Ƙasashen Tarayyar Turai sun fi haka tsanantawa. A dokarsu ta 2006, tuƙin yini awa 9 ne, ana iya kai shi 10 sau biyu a mako, kuma bayan kowace awa huɗu da rabi sai an huta minti 45. Idan direbobi biyu ne a mota, dole kowannensu ya samu hutun aƙalla awa 9 cikin kowace awa 30, kuma wannan hutu ba ya ƙirguwa sai mota tana tsaye cik. Wato su a wurinsu kwanciyar da ake yi mota tana gudu ba ta cika sunan hutun yini ba. Ƙanena ya gaskata wannan. Ya ce barcin bayan mota barcin zomo ne: ga ƙugin inji, ga na firji, ga girgiza, ga birki, ga hasken rana tana ratsa labule, sannan ga zuciya da ba ta gama sakankancewa ba domin wani ne ke riƙe da ranka.

Na kuma karanta abin da masana lafiya suka gano game da gajiya, kuma a nan ne jikina ya ƙara yin sanyi. Wani bincike da aka wallafa a 1997 daga ƙasar Ostareliya ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, kuzarin hankalinsa da saurin hannunsa kan ragu su yi daidai da na wanda giya ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, idan kuwa ya kai awa 24 sai ya yi daidai da mai kashi 0.10. Ita kuwa dokar Amurka, daga kashi 0.04 take hana direban babbar mota tuƙi. Na yi lissafin tsarin da na ɗora wa ƙanena: yana tashi wajen ƙarfe huɗun yamma, ba ya sake kwanciya sai sha biyun ranar gobe. Ashe kowace safiya, a awannin ƙarshe na tuƙinsa, ya riga ya haura awa 17. Mutumin da bai taɓa kai giya bakinsa ba, ni malaminsa na mayar da shi kamar mashayi a kan titi, da sunan ibada.

Akwai kuma abin da masanan suke kira ɗan guntun barci, wanda yake sace mutum na daƙiƙa biyu zuwa 'yan daƙiƙu, wani lokaci ma ido a buɗe, mutum bai san ya yi ba. Hausawa dama sun ce barci ɓarawo ne. Motar da ke gudun kilomita 105 a awa tana cin kusan mita 29 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa huɗu kacal sun ishe ta wuce tsawon filin ƙwallo babu kowa a kan sitiyari, alhali nauyinta da kaya yana kaiwa tan 36. Mafi haɗarin lokaci shi ne tsakanin ƙarfe biyun dare zuwa asuba, sa'ad da agogon da Allah Ya halitta a jikin ɗan Adam yake jan sa zuwa barci ko ya so ko ya ƙi, sai kuma bayan Azahar. Barcin da aka tauye bashi ne, yana taruwa yau da gobe. Kofi da shayi da goro suna ɓoye jin gajiyar na ɗan lokaci, amma ba sa biyan bashin. Babu abin da ke biyansa sai barci.

Abu ɗaya kuma ya fi tsaya mini a rai. A duk kwanakin nan huɗu, na'urar motarsu ba ta rubuta wa ƙanena laifi ko ɗaya ba. Ta nuna yana kan gado awa goma cif, kuma gaskiya ne yana kan gadon. Na'ura tana ganin taya, ba ta ganin ido. Irin haka ta faru a watan Yuni na 2014 a jihar Niyu Jasi, inda wata tirela ta afka wa motar da ke ɗauke da ɗan wasan barkwancin nan Tracy Morgan, abokinsa James McNair ya mutu, shi kuma ya ji mummunan rauni. Hukumar binciken haɗurra ta ƙasar ta gano cewa direban tirelar ya haura awa 28 bai yi barci ba, domin kafin ya karɓi aiki ya tuƙo motarsa ta gida kusan kilomita 1,300 daga jihar Jojiya. A takarda bai cika awa 14 ɗinsa ba. Doka iyakarta ta ba ka lokaci da gado. Abin da ka yi da su bayan an ja labule, wannan tsakaninka ne da Allah, kuma shi ne abin da addininmu yake kira amana.

Da na koma ga littattafaina da wannan sabon ido, sai na tarar duk abin da dattijon nan ya faɗa yana nan a gabana tun tuni, ni ne ban haɗa shi da rayuwar direba ba. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa a kan hanyar dawowa daga Khaibar, a shekara ta 7 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) ya yi tafiyar dare da sahabbansa har gyangyaɗi ya kama shi, sai ya sauka, ya ɗora wa Bilal (RA) gadin alfijir. Bilal ya yi nafila gwargwadon abin da ya sawwaƙa, da asuba ta kusa sai ya jingina da raƙumarsa yana fuskantar gabas, ido ya rinjaye shi. Babu wanda ya farka sai da rana ta dake su. Ka duba, wannan Bilal ne, ladanin Manzon Allah, an ba shi aiki guda ɗaya, ga imani ga himma, amma jiki ya karɓi haƙƙinsa. Idan ƙarfin imani yana hana barci, da ya hana Bilal. A wata ruwayar ta Muslim kuma, Abu Ƙatada (RA) ya ba da labarin yadda yake tafiya a gefen Manzon Allah (SAW) cikin dare, gyangyaɗi yana karkatar da shi daga kan abin hawansa, shi kuma yana tallafe shi har sau uku, daga ƙarshe Manzon Allah ya ratse daga hanya ya kwanta. Shugaban halitta bai yi gardama da barci ba a kan hanya, ratsewa ya yi.

Hatta a cikin sallah haka shari'a ta koyar. Nana A'isha (RA) ta ruwaito umarnin cewa wanda gyangyaɗi ya kama yana sallah ya je ya kwanta har barcin ya sake shi, domin yana iya nufin neman gafara ya ɓuge da yi wa kansa mugun baki. Kuma da Manzon Allah (SAW) ya ga igiyar da Nana Zainab (RA) ta ɗaura a masallaci don ta riƙa kamawa idan ta gaji da tsayuwa, cewa ya yi a kwance ta. To idan an hana mai gyangyaɗi ci gaba da nafila don kada harshensa ya kuskure, ina ga mai gyangyaɗin da tan 36 ke ƙarƙashin hannunsa?

Batun azumi ma na yi gaggawa. Allah Ya yi wa matafiyi rangwame a Suratul Baƙara, ya sha ya rama a wasu kwanaki. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (RA) wata tafiya da aka yi a rana mai zafi, masu azumi suka zube don gajiya, waɗanda suka sha kuwa suka tashi suka kafa tantuna suka shayar da dabbobi, sai Manzon Allah (SAW) ya bayyana cewa ladan wannan rana waɗanda suka sha ne suka tafi da shi. Ni wahalar ƙishirwa kawai na auna, na manta cewa azumi yana sauya lokacin ci da na barci gaba ɗaya, kuma mai tuƙin dare da rana ya fi kowa jin wannan sauyi. Sannan ban tuna da ayar kisan kuskure ta Suratun Nisa'i ba, wadda ta ɗora diyya da kaffara a kan wanda ya kashe rai ba da gangan ba, har da azumin wata biyu a jere ga wanda bai samu abin 'yantawa ba. Nafila, komai falalarta, ba a hukunta wanda ya bar ta. Ran mutum kuwa ana tambaya a kansa.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan matsalar mutanen Amurka ce kawai. Duk wanda ya taɓa zuwa Kwanar Gafan a lokacin kakar tumatir ya ga yadda ake loda kwanduna a manyan motoci zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, ta Kaduna da Mokwa da Jebba da Ilori da Ibadan. Tumatir ba ya jira, kamar yadda latas ba ya jira, kuma a nan babu firji. Mai kaya yana kiran waya kowace awa, direba yana taunar goro yana kurɓar shayi mai kauri, wani ma har ya kai ga haɗiyar ƙwaya irin su tiramadol, wadda ita kanta tana kawo gyangyaɗi da farfaɗiya. Idan abu ya faru sai mu ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, mu shafa fatiha mu watse. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita. Amma wanda ya hana direbansa runtsawa don kwandunansa su riski kasuwar safe, shi ma za a tambaye shi, domin shari'a ta hana a ɗora wa ma'aikaci abin da ya fi ƙarfinsa. Mu ma masu saye muna cin miyar ba tare da mun taɓa tunanin idon da bai rufe ba kafin ta iso tukunyarmu.

Bayan kwana biyu na kira ƙanena na ba shi haƙuri, na ce ya isar da ban haƙurina ga dattijon nan, ya gaya masa cewa laifin na malamin ne, addinin bai ce haka ba. Sannan muka sake zama a kan tambayarsa ta farko, wannan karon ina tambaya yana amsawa. Muka tsaya a kan cewa a ranakun da yake kan doguwar hanya zai sha azumi ya rama idan ya sauka gida. Zai kiyaye farillansa, ya yi ƙasaru ya haɗa waɗanda ake haɗawa, Asuba kuwa su tsaya mata a kan lokacinta. Idan ya shiga ɗakin baya zai kashe waya, ya ba barci awa bakwai zuwa takwas kafin komai, abin da ya ragu ya yi karatu da nafila a ciki. Zikiri da addu'a kuwa ga su nan a bakinsa yana tuƙi. Idan kuma ya ji hamma ta yawaita, ko ya kasa tuna kilomitocin da ya wuce yanzu-yanzu, to zai nemi wuri ya tsaya, ko da ganye zai makara. Sannu ba ta hana zuwa.

Na ji a muryarsa har yanzu akwai ɗan baƙin cikin rasa daren goman ƙarshe. Sai na tuna masa abin da Bukhari ya ruwaito daga Abu Musa (RA), cewa bawa idan ya yi rashin lafiya ko tafiya, ana rubuta masa ladan abin da ya saba aikatawa yana lafiya a gida. Na kuma ba shi labarin Mu'azu ɗan Jabal (RA) a Yaman, wanda ya gaya wa Abu Musa cewa shi yana barci a farkon dare sannan ya tashi, kuma yana neman lada a barcinsa kamar yadda yake nema a tsayuwarsa. Na ce masa, "Ƙanena, idan ka ja labulen nan da niyyar tsare ran abokin tafiyarka da na bayin Allah da ke kan titi, da niyyar kai wa mutane abinci ta hanyar halal, to ka kwanta da kyakkyawan zato ga Ubangijinka." Ya yi shiru, can sai ya ce, "Yaya Malam, da ka faɗa mini wannan tun farko." Na ce da na tambaye ka tun farko.

Nasihata gare ku, ya 'yan'uwana matasa, kashi biyu ce. Ta farko ga duk mai riƙe da sitiyari ko kan babur, ko babbar mota ce ko Keke Napep: idan ka raba dare a tahajjudi, ko a kan waya kana yawo a intanet, ka sani fasinjan da zai hau bayanka da safe yana da haƙƙi a cikin barcin da ka tauye. Ka biya shi kafin ka tayar da inji. Ta biyu kuma ga irina, waɗanda aka fara kira malam tun gemu bai cika ba: sanin nassi rabin fatawa ne, ɗaya rabin shi ne sanin halin mai tambaya. Kafin ka ce wa direba ko ma'aikaciyar jinya ko mai gadi ya ƙara ibadar dare, tambaye shi yadda aikinsa yake, da kuma rayukan da ke rataye a wuyansa idan gari ya waye.

Ƙanena yana nan yana aikinsa tare da dattijon nan. Ya ce tabon yana nan a goshinsa, kuma duk lokacin da za su yi canji sai ya dube shi ya tambaye shi ko ya yi barci. Ni ma yanzu da ita nake fara gaisuwa idan ya kira.

Allah Ya gafarta mana abin da muka faɗa ba da sani ba, Ya tsare matafiyanmu na kusa da na nesa, Ya mayar da kowane direba ga iyalinsa lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare ni ne da Shaiɗan. Wallahu a'alam.